Shakul Ɗaya a Sarƙar Rahila

Ku da kuke ganin hotunana a waya kuna cewa Kawu Hamisu yawon shaƙatawa yake yi ana kiransa aiki, yau ga amsarku. A wajen sunan nan da aka yi a Salford wata daga cikinku ta ce, da Ingilishinta na Manchester, wai ita ma in ta gama karatu irin aikina za ta nema, ta zauna a jirgi tana kallon faɗuwar rana. Na yi dariya na ci gaba da cin wainata, don ba a musu a gidan suna. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Hoton dolfin ɗin, manyan dabbobin tekun nan masu kama da kifi, da kuka gani suna tsalle gaskiya ne, ni na ɗauka. Abin da bai fito a hoton ba shi ne da hannu ɗaya na ɗauke shi, ɗaya hannun yana riƙe da bokitin da wani farfesa yake amai a ciki.

Ni ɗan Yauri ne, a cikin kwalekwalen ubana na buɗe ido, a kogin Kwara. Daga nan na gangara Ikko, na yi shekara goma sha biyu a manyan jiragen dakon kaya, har tafiya ta kawo ni ƙasar nan. Antinku Hajara ta samu aikin jinya a wani asibiti da ke Oxford Road, muka kama gida a Salford. Salford kuwa ruwa akwai, amma jiragen sun daɗe da tafiya, sai dogayen benaye na 'yan talabijin. Shekara uku ina gadin wurin ajiye motoci ina kallon ruwan da ba ya zuwa ko'ina. Ranar da na ji wata jami'a ta bakin teku, can yamma, tana neman ma'aikaci a jirginta na bincike, ko rigar gadi ban cire ba na cike takarda. Tun daga lokacin Litinin da asuba nake kama hanya, tafiyar awa biyu da ɗoriya, in dawo Juma'a da yamma ina warin laka.

Jirgin ba babba ba ne. In kun jera bas biyu irin na Oxford Road kun kusa tsawonsa. Ma'aikata mu huɗu ne, sai masu bincike da ɗalibansu, su takwas in an cika. Ba ma yin nisa da gaɓa. Aikinmu mu kai su wurin da suka zana a taswira, mu saukar musu da kayan awonsu zuwa ƙasan teku, mu ɗago su lafiya. Ni wurina filin bayan jirgi ne, inda winci yake, wato injin da ke saki da naɗe waya, kuma duk abin da zai shiga ruwa ko ya fito sai ya bi ta hannuna.

Aikina na farko bokiti ne. Tsoho Dennis, wanda na gada, ya saurari labarin shekaruna goma sha biyu, ya ce madalla, sannan ya turo mini bokitin shakul da ƙafa. Shakul ɗan ƙarfe ne mai siffar kofaton doki, da kusa mai zare da ke rufe bakinsa, da shi ake haɗa sarƙa da sarƙa ko sarƙa da igiya. Mako biyu ina goge su da burushin waya, ina shafa musu giris, ina warewa: ga masu launin toka da aka yi wa rufin tutiya, ga farare masu ƙyalli irin ƙarfen cokali. Raina ya ɓaci, na kuma gaya masa. Sai ya ce a babban jirgi in kwantena ta faɗa ruwa ban san mai ita ba, a nan kuwa mai kayan yana tsaye a bayana yana kallon ƙeyata. Shi ya koya mini kada in kuskura in haɗa farin shakul da sarƙa mai tutiya a abin da zai daɗe a ruwa, don in ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu a ruwan gishiri ɗaya yakan ci ɗaya a hankali. Ya sa na maimaita masa har sau uku.

Sai ga ranar da ya bar ni na saukar da madamƙin laka ni kaɗai. Ƙarfe ne mai haɓa biyu, ya fi ƙaton rago nauyi, yana sauka baki buɗe, in ya taɓa ƙasa ya rufe da abin da ya cizo. Ku a ganinku sakin waya ne kawai. To jirgi hawa da sauka yake yi a kan ruwa. In ka saki da gaggawa, ruwan da madamƙin ke turawa a gabansa ya share lallausar lakar sama, ita kuwa masu binciken suke so. In ka yi sanyin jiki, jirgi ya ɗaga, madamƙin ya rufe bakinsa a tsakiyar ruwa ya dawo maka wayam. Sai ka tsayar da shi gab da ƙasa, ka ji jirgin a tafin ƙafarka, ka jira ya fara sauka, ku sauka tare. Na farko ya dawo da tsakuwa ɗaya a tsakanin haɓarsa, lakar duk ta tsiyaye a hanya. Na biyu ma haka. Na uku ya fito cike taf, samansa a lafe kamar ba a taɓa ba, har da wata 'yar ƙaguwa zaune a kai tana hararar mu. Wallahi daɗin da na ji ranar ko lokacin da aka ba ni takardar zama a ƙasar nan ban ji irinsa ba. Dennis ya miƙo mini rabin biskit ɗinsa.

Lakar nan kuma kada ku raina ta. Ana zuba ta a rariya a wanke da ruwan teku, a hankali, ba da ruwan famfo ba, don ruwan daɗi kashe 'yan halittun yake yi. Abin da ke saura a rariya shi ya hana ni gajiya da aikin nan. Ga tsutsa mai gashi launi-launi, ga wani abu mai siffar tauraro da siraran hannaye biyar yana tafiya a tafin hannunka, ga katantanwa ƙanana kamar ƙwayar gero, kowace da mai gida a ciki. Ni da na girma a ruwa ina zaton na san abin da ke ƙarƙashinsa, ashe sama-sama na sani. Har yau in an buɗe madamƙi nakan riga ɗalibai leƙawa, in sun tare mini in ture su gefe.

Masu binciken su ne abokan hulɗarmu, kuma iri-iri ne. Akwai wanda ya rubuta littattafai a kan teku amma da mun bar bakin tasha sai ya kwanta, ya riƙa ba da umarni daga ƙarƙashin bargo. Akwai wadda za ta zo da jerin wuri tara a yini ɗaya, kyaftin ya ce mata wuri biyar kawai ruwa zai ba mu, ta ce ai ta lissafa, ya ce teku bai ga lissafin ba. Domin a gaɓar nan ruwa cikowa yake yi ya janye, da gudu kamar Kwara a tsakiyar damina, kuma aiki mai wuya ba ya yiwuwa sai a ɗan tsakanin, lokacin da ruwan ya tsaya kafin ya juya. Minti ashirin ne, in an yi sa'a talatin. Mu muna ce masa tsayuwar ruwa, kuma da shi muke tsara komai, har cin abinci da salla.

Rahila ta zo mana daga Birmingham, tana karatun digirin digirgir. A Ladywood aka haife ta, iyayenta mutanen Pankshin ne, babanta direban bas, mamarta tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ranar farko na ji ta a gefen tasha tana waya da mamarta, tana cewa ta ci abinci a daina damuwa, da wata Hausa da aka tsoma a Ingilishin Birmingham. Na yi mata sannu da zuwa, ta kusa yar da wayar a ruwa. Tun daga nan na zama Baba. Yarinya ce mai ƙwazo, ba ta amai, ba ta ƙyamar laka, ga tambaya kamar 'yar jarida. Bincikenta a kan yadda ruwa ke kwashe yashi ne daga gaban wani ƙauye da teku ke cin gaɓarsa gida bayan gida. Duk karatun nata ya rataya ne a kan na'ura ɗaya da aka ara mata, wadda za ta zauna a ƙasan teku wata shida tana auna gudun ruwa tana adanawa a cikinta. Ba ta aiko da komai sama. In na'urar ba ta dawo ba, Rahila ba ta da abin rubutawa.

Ga yadda ake dasa irin wannan. Na'urar tana cikin keji na ƙarfe mai ƙafa uku. Daga kejin wata igiya mai nauyi take kwanciya a ƙasa, mita ɗari, zuwa tulin tsohuwar sarƙa da ke zama anga. Daga angar wata sarƙa ta taso zuwa alamar da ke yawo a kan ruwa, wadda ni nake kira gora, don aikinsu ɗaya da goran masuntan garinmu. In lokaci ya yi ka kama gora, ka ɗago anga, ka bi igiya har keji. Ranar dasawa mun shimfiɗa komai a filin jirgi, ruwa ya kusa tsayawa, sai na ga shakul ɗin da zai haɗa gora da sarƙa ya yi kaɗan, bakinsa ya ƙi shiga zoben. Na zazzage akwati. Mai tutiya na wannan girman ya ƙare, sai fari guda ɗaya, sabo, yana ƙyalli. Kyaftin yana kira daga sama cewa saura minti goma. In muka rasa wannan tsayuwar sai bayan mako biyu, ga shi an ce iska tana tafe. Dennis ya daɗe da yin ritaya, babu mai kallon hannuna. Na ce a raina wata shida ne kawai, ƙarfe ba ya cinye ƙarfe a wata shida. Na sa shi, na ɗaure kusar, muka saki. Rahila tana tsalle tana ɗaukar hoto, ni ma ina dariya, don dasawar ta yi kyau ƙwarai. Ban gaya wa kowa ba.

Shekarar nan ita ce muguwar shekara. Saura kwanaki mu je ɗagowa giyabos ɗin injinmu ya fashe, aka ɗaga jirgi aka ɗora a kan katako a wurin gyara, aka ce mako shida. Kayan gyaran suka zo ba daidai ba, aka mayar, aka sake jira. Jirgin haya ɗaya da ke da wincin da zai iya ɗaga kejin yana can wajen masu kafa fankokin lantarki a teku, ba ya samuwa. Ni da injiniya muna ƙarƙashin jirgi muna kankare tsatsa muna fenti, masu bincike suna bugo waya suna faɗa kamar mu muka fasa injin da gangan. Wata shida ya zama tara, tara ya zama goma sha uku. Kullum in na duba hasashen yanayi shakul ɗin nan nake gani. Sai wata safiya, bayan guguwar kwana biyu, kyaftin ya kira ni bakin ofishinsa. Wata mata mai yawo da kare ta tsinci goranmu a kan yashi, nesa da inda muka dasa, ta buga lambar da ke jikinsa. Ga shi a ƙasa. Farin shakul yana nan rataye kamar jiya aka saye shi, da rabin zoben sarƙa a cikinsa, ya sirance ya tsinke. Kyaftin ya ɗaga ya duba, ya dube ni. Bai tambaye ni ba, ni na faɗa.

Ya ce zai rubuta wa Rahila cewa sarƙa ta tsinke, kuma ba ƙarya ba ne. Na ce a'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham da shakul ɗin a aljihun kwat. Gidansu a hawa na tara yake a wani dogon bene a Ladywood. Mamarta ta daɗe tana son ganin Baban jirgi, don haka kafin in zauna an ajiye mini gwaten acca yana tururi, babanta Malam Bitrus yana ta tambayata labarin Yauri da kifin Yauri. Ban taɓa jin kunyar abinci irin ta ranar ba. Na kasa kai cokali baki. Na fito da shakul ɗin na ajiye a kan tebur, na faɗi komai, har da abin da na ce a raina ranar dasawa.

Rahila ta ɗauki ƙarfen tana juya shi. Wa'adin da jami'a ta ba ta saura wata bakwai, kuma babu wata na'ura da za a sake ara mata.

"Baba, you knew?" ta ce. "Ka sani tun ranar, ka bar ni ina ta ɗaukar hoto?"

Na ce na sani.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Malam Bitrus ya tambaye ni ko abin yana tsamuwa. Na ce igiyar ƙasa tana nan, in yashi bai binne ta ba, kuma in an ja ƙugiya a kanta ana iya kamawa, amma ba alkawari nake yi ba. Ya ce to in ci abinci, ba a jan ƙugiya da yunwa. Na ci.

Da jirgi ya koma ruwa aka ba mu kwana uku, a makon da gudun ruwa yake raguwa. Tsayuwa biyu muke samu da hasken rana, dama shida ke nan. Zurfin ya fi ƙarfin masu nutso. Na'urar duba ƙasa ta nuna mana kejin, rabinsa a cikin yashi, amma gani ba ya ɗaga komai, sai an kama igiya. Rahila ta zo, ta gyaɗa mini kai irin gaisuwar Turawa, ta wuce ɗakin kwamfuta.

Ƙugiyar farce huɗu gare ta, ana sa mata guntun sarƙa a gaba don ta kwanta ta bi ƙasa. Kyaftin yana ratsa layin igiyar a hankali, tafiyar da ba ta kai ta tsohuwa ba. Ni kuma in ɗauki sandar tsintsiya, in dafa baki ɗaya a jikin waya, ɗaya a ƙashin bayan kunnena. Ba a taɓa waya mai aiki da hannu, ta raba mutane da yawa da yatsunsu. Ta sandar nan ake jin ƙasan teku. Yashi shuu yake yi, tsakuwa ƙaraf-ƙaraf, dutse kuwa har haƙori kake jin sa. Igiya ba ta ƙara. Sai dai ka ji komai ya lafa, nauyi yana ƙaruwa a hankali kamar ana jan gefen rigarka.

Ranar farko na ji nauyin, na ɗaga hannu, kowa ya rugo, muka naɗo tsohon taru cike da ciyawa. Da yamma muka samu tayar tarakta, har yau ban san wanda ya yi noma a can ba. Rana ta biyu iska ta taso ta cinye mana dama ɗaya, ɗayar kuma muka ja yashi kawai. Rana ta uku da safe ma yashi. Duk a tsakiyar layin muke ja, nesa da keji, kamar yadda aka saba, kuma a fili yake yashi ya binne igiyar a nan. Saura dama ɗaya.

Na je na ƙwanƙwasa ɗakin kwamfuta. Na ce mata ni ƙarfe na sani, ita ce ta san yashin nan, ta gaya mini inda igiyar za ta fi zama a waje. Ta saurare ni tana kallon kwamfuta. Sannan ta buɗe hoton ƙasan ta nuna mini da biro. Ta ce duk abin da ya tsaya wa ruwa a hanya, ruwan yakan haƙa rami a gefensa, ga ramin nan a jikin kejin ta arewa, kuma ta nan igiyar ta fita, don haka tana nan a miƙe a kan ramin, tsawon taku biyar ko shida. Kyaftin ya sauko ya duba, ya ce zai iya bi da jirgi ta nan, amma in ƙugiyar ta kauce ta daki na'urar ta fasa murfinta, ruwa ya shiga, shi ke nan, har abin da ke ciki ya tafi. Ya ce na'urarta ce, ita za ta yanke.

Ta juyo ta dube ni, karo na farko a kwana uku.

"Baba, za ka ji bambancin igiya da keji?"

"Zan ji."

"Ka tabbata, ko a ranka kake cewa?"

Maganar ta soke ni, kuma na cancanta. Na ce, "Ji dai na tabbata zan ji. Ko zan saki waya a kan lokaci, wannan ban tabbata ba."

Ta kalli hoton, ta kalli agogo, ta ce mu ja.

Ban taɓa sauraron wani abu a duniya kamar yadda na saurari sandar nan ba. Hannuna ɗaya yana kan hannun winci, a shirye in saki. Shuu, shuu, shuu. Sai ƙarar ta ɗauke ɗif, ƙugiya ta faɗa rami. In ƙarfe ne zan ji ƙwal a ƙashina. Ba ƙwal, sai wannan jan mai laushi, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa. Na yi wa kyaftin ihu ya tsaya, na fara naɗewa kamar mai jan guga da igiyar da ta ruɓe. Ƙugiya ta ɓullo, ga igiya kore shar da gansakuka, a maƙale a farce ɗaya tal. Injiniya ya kwanta rub da ciki ya zura mata madauki, na riƙe masa ƙafa, muka mayar da ita kan winci.

Tsugune ba ta ƙare ba, don yashi ya riƙe kejin gam. In na fizga, igiyar da ta shekara a ruwa za ta tsinke. Sai na ja ta ta miƙe, na kulle, na bar jirgin ya yi aikin: duk ɗagawar da ruwa ya yi masa sai ya ɗan girgiza kejin, in naɗe ɗan abin da ya samu, in sake kullewa. Ruwa ya fara juyawa, ina ganin kumfa tana wuce mu, kyaftin yana faɗin minti nawa ya rage. Sai waya ta yi wani ɗan tsalle, nauyi ya ragu. Ko igiya ta tsinke, ko keji ya taso. Na ci gaba da naɗewa, nauyin ya tsaya wuri ɗaya bai ƙara raguwa ba, nan na san yana tafe. Ya fito yana zubar da yashi, katantanwa ta rufe shi ruf, wata ƙatuwar ƙaguwa ta faɗo daga ciki ta ruga tsakanin ƙafafun ɗalibai. Na'urar tana zaune a tsakiya, ko ƙwarzane babu. Kyaftin, mutumin da ban taɓa jin dariyarsa ba, ya danna ƙahon jirgi ya ƙi saki. Ni kuwa kabbara nake yi da Hausa ina rawa da takalman roba, ban san lokacin da na fara ba.

Rahila ba ta yi ihu ba. Ta wanke na'urar da ruwan daɗi, ta busar da bakin wayarta, ta shiga ta jona da kwamfuta. Na ɗauki tiyo ina wanke filin jirgi, wuri ɗaya nake ta wankewa. Bayan kamar rabin awa ta fito bakin ƙofa. Batir ɗin ya mutu a wata na goma, amma awon duk wata goman yana ciki, har da hunturu gaba ɗaya. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Yana nan, Baba." Ta zauna a jiƙaƙƙen filin nan da kayanta ta kira mamarta.

Ta gama karatu a kan lokaci, ta zama dakta. Bayan shekara uku ta dawo jirginmu da ɗalibanta da sabuwar na'ura, yanzu ita ce mai ba da umarni. Tun da safe na shimfiɗa sarƙa a kan tasha daga gora har anga, kowane shakul na duba shi sau biyu. Ta iso ta rusuna ta gaishe ni, ta isar da gaisuwar iyayenta, ta tambayi Antinku Hajara. Sannan ta sa hannu a aljihu ta fito da ɗan mayen ƙarfe, irin wanda ake liƙawa a jikin firiji. Shakul mai tutiya yana kama mayen ƙarfe, farin ba ya kamawa. Ido ma yana iya bambance su, amma ita ta daina yarda da ido, nata ko nawa.

Ta fara daga gora, a gaban ɗalibanta, ni ina tsaye da shekara ashirin a jirgin nan da furfura a gemu. Na hango kyaftin ya leƙo daga sama yana duban fuskata. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Na kuma ji daɗi, irin daɗin da ba ya hana zafin. Sarƙar tana da nauyi, wasu shakul ɗin suna ƙarƙashi, sai na bi ta ina ɗaga mata ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai ne, kowanne ya ce tak. A na ƙarshe ta miƙe, ta gaya wa ɗaliban da Ingilishi cewa a jirgin nan haka ake yi, ko wa ya haɗa sarƙar. Ta miƙa wa wata daga cikinsu mayen ƙarfen ta ce ta sake bi daga farko.

Na koma wajen gora, na sunkuya, na sake ɗaga sarƙar.